Linzamin da Aka Ba Mai Bikiya

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a gidan hayarmu na unguwar Abbasiya, nan ƙasar waje, mu uku ne a falo: ni, da mai ɗakina, da ƙanena da ya zo karatu yake zaune tare da mu. Na dawo daga shago, na miƙa hannu saman kabad inda nake ajiye ƙunshin linzamin gadonmu, na ji wayam.

Na ce, "Ina linzamin?"

Ƙanena bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. "Tsohon ƙarfen nan mai tsatsa? Yaya, ai gyaran gida na yi. Mai bikiya ya wuce da safe, na haɗa masa da matacciyar fanka."

Mai bikiya shi ne mutumin da ke zaga unguwa da amalanke yana kururuwa, yana kwashe tarkace.

Bari in faɗi abin da aka ba shi, daki-daki, yadda mahaifinmu ya faɗa mini. Kakan kakanmu shi ne mai kula da dokin Madawaki a zamanin yaƙe-yaƙen jihadi. Dokin akawal ne, baƙi wuluk. Ba a taɓa ɗora masa kaya ba. Gero yake ci, ana ba shi kanwa, turkensa yana ƙofar ɗakin ubangidansa. Ranar yaƙi a sa masa lifidi, rigar auduga mai kauri da ke tare kibiya, ya yini cikinta a rana ba ya tirjiya. A fitarsa ta ƙarshe kibiya mai dafi ta same shi a ƙasan wuya, inda lifidin bai rufe ba. Bai kayar da mahayinsa ba. Ya fitar da shi daga cikin maharba, ya kai shi bakin gulbi, sannan ya durƙusa. Kakan kakan namu ya zare linzamin daga bakinsa tun da ɗuminsa, ya bar wasiyya kada a wanke, kada a goge. Tsatsar da ƙanena ya gani ke nan.

Na ce, "Ba ka san labarin ba?"

"Na sani mana. Na ɗauka tatsuniyar Baba ce. Ma'alish, Yaya, sai in sayo maka sabo mai ƙyalli."

Mai ɗakina ta riƙe mini hannu. "Malam, yi salati."

Na yi, amma zuciyata ba ta huce ba. A garin nan mota ta take maka ƙafa a ce ma'alish, wato yi haƙuri, na saba. Ban zaci zan ji ta daga bakin jinina a kan wannan ba.

Na sauka na tambayi mai gadin ƙofa, ya ce masu bikiya ba su da iyaka, bai riƙe fuska ba. Washegari na rufe shago na bi wani mai bikiya har filin da suke zube tarkacensu. Can wani dattijo ya gaya mini gaskiya: ƙarfe narkawa ake kai shi, sai dai in dillalin kayan gargajiya ya riga ya tsince shi ya kai shagunan Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Na bi shagunan layi-layi ban gani ba. Ƙanena kuwa har yau kwanonsa daban, nawa daban.

Kai mai karatu, in kana bi ta wajen, ka duba mini. Zobensa na hagu ya tsage an ɗaure da jar fata, ƙarfen bakin yana da shatin haƙora. In ka gani, ka roƙi mai shagon kada ya goge shi, sannan ka shaida wa Hausawan Abbasiya bayan sallar Juma'a, za su isar mini.