Yadda na yi renon ɗiyata a ƙirji

Shekarun baya can, ina da sauran ƙarfin kokawa a jika, matata ta haifi ɗiyarmu ta fari tun cikin bai isa haihuwa ba. Bakwaini ce. Tsakiyar damina ne, ruwa ba ya ɗaukewa, da ƙyar muka samu motar da ta kai mu asibiti a Wurno daga Dinawa. Da na leƙa zanen da aka naɗe jaririyar a ciki, sai na ga 'yar mitsitsiya ce. Ƙirjinta bai kai tafin hannuna ba, haƙarƙarinta a fili, suna hawa da sauka kamar na ɗan tsako.

Uwar ta zubar da jini sosai, ga zazzaɓi ya rufe ta, ko zama ba ta iyawa. Malamar asibitin, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta ce mana sanyi ne babban abin tsoro. Kwalbar da ake sa bakwaini sai Sakkwato, kuma ba ta jin yarinyar za ta jure tafiyar. Abin da ya rage shi ne a kwantar da ita a ƙirjin mutum, fata da fata, a lulluɓe su tare.

Mahaifiyata ta miƙa hannu, malamar ta hana ta saboda tarin da take fama da shi. Sai na ga su biyun sun juyo suna kallona.

A wurinmu ɗan fari ko sunansa ba ka faɗa, balle ka rungume shi gaban wadda ta haife ka. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ni? Gaban mutane?"

Ta ce, "To mi kaka jira? Ƙirjin ga da kaka bugawa dandali kana kirari, yau ga ranatai. Tuɓe rigar."

Na tuɓe. Aka ɗora mini ita, aka ɗaure mu da zanen uwarta, aka mayar mini da riga a kai. Ni da na sha haɗa ƙirji da ƙarti ban girgiza ba, sai ga ni numfashi ma a hankali nake ja, don kada in motsa ta.

Washegari wani abokina ya zo dubiya. Ya tsaya bakin ƙofa yana ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Ashe kaza tana da gemu. Yaushe za a ƙyanƙyashe?" Na so in yi dariya, na tuna abin da ke jikina, na danne. Shi ne kuma ya koma ya nome mini gonar gero, ban roƙe shi ba.

Wata rana da hantsi ina zaune jingine da bango, sai na ji ɗan motsin nan da na saba ji ya tsaya. Na buɗe riga, leɓenta ya fara canza launi. Na shiga shafa bayanta da ɗan yatsa yadda malamar ta koya mini, ina kiran sunan Allah a zuci. Mahaifiyata ta tashi da gudu neman malamar, tsufa duk ya kau. Kafin su iso yarinyar ta ja wani dogon numfashi, ta yi ɗan kuka kamar na mage. Malamar ta duba ta, ta ce haka bakwaini ke yi wani lokaci, na yi daidai. Mahaifiyata ta ga hawaye a fuskata, ta kau da kai ta ce, "Ɗakin ga akwai zahi," ta hau yi mini fifita.

Da uwar ta samu sauƙi muka riƙa karɓa-karɓa, har aka sallame mu. A gida ma ban daina ba sai da yarinyar ta yi ƙwari. Mata suna leƙowa ta katanga suna ƙus-ƙus, abokan kokawa suka sa mini suna mai goyon gaba. Har yau akwai tsofaffin da ke kirana haka a kasuwar Goronyo.

Abin da na gane tun daga lokacin shi ne, kunya ado ce, amma akwai ranar da ake tuɓe ta tare da riga. Mun mayar da ita kuwa bayan nan, ni da ɗiyar tawa. Yanzu tana aure a Rabah da 'ya'yanta. In ta zo gida, daga nesa take durƙusawa ta gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon wani wuri, yadda uba ke yi wa ɗiyar fari. Kwanan baya ta zo da sabon jaririnta, ta ba uwarta ta miƙo mini. Na karɓe shi na ce yaron yana da nauyi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ai Baba, shi bai wahal da kowa ba."

Ban san wa ya ba ta labarin ba, kuma ban tambaya ba.