Takobin da Baba Ya Ɗaga a Jidda

Daga Makka

Muna idar da sallar asuba muka bar masauki, ni da Baba. Tsohon maƙeri ne, amma tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi bara, ko kofin shayi ba ya yarda ya riƙe da hannun hagu. Umra na kawo shi, ko ransa ya ɗan sake. Direbanmu ɗan Chadi ne, ba abin da yake faɗa sai "yalla, yalla", wato mu je. A shingen hanya aka duba fasfo aka sallame mu. Rana na ɗagowa muka shiga Jidda.

Sa'alaba

A unguwar Sa'alaba muka sauka, gidan Kawu Habu, ƙanen mahaifiyata. Ya daɗe a nan, Hausarsa duk ta gauraye da Larabci. Muna karyawa da wake da gurasa mai zafi ya ba mu labarin shagon kayan tarihi na kafilinsa, wato maigidansa. Wai akwai takobin Turawan da, na hannu biyu, mai tsawon gaske.

"Wannan ai sai ƙarti biyu su ɗaga shi," na ce.

"Ni ma haka nake zato," in ji Baba. "Habu, kai ni in gani."

Muka dubi juna ni da Kawu. Tun da muka baro Kano Baba bai nemi a kai shi ko'ina ba.

Bagdadiyya

Bayan la'asar muka isa shagon, a unguwar Bagdadiyya. Da aka tsayar da takobin a ƙasa, ya kawo min kafaɗa. Mai shagon, wani dattijon Balarabe, ya ɗora shi a sikeli: kilo uku da ɗan ɗoriya! Ya ce na yaƙi haka suke, masu nauyin gaske na ado ne da bukukuwa.

Baba ya kama da dama, tsinin ya ƙi barin ƙasa.

"Yaya, halas, ya isa haka, bar shi," in ji Kawu. "Sai da hannu biyu."

Baba ya jima yana kallon hagunsa. Sannan ya kai shi kan mariƙin, yatsa bayan yatsa. Na matsa zan taimaka, ya harare ni. Tsinin ya tashi a hankali har ya nuna rufi.

"Habu, ka ga aiki!" ya ce yana dariya, gumi na zuba. "Maƙerin duk a mariƙi ya tara nauyin."

Gida

Washegari jirgi ya sauke mu a Kano da yamma. A ƙofar gida na miƙa hannu zan karɓi jakarsa, ya hana. Umma ta fito da murna, ta ga da hagu ya riƙe jakar, sai ta tsaya cak ta rufe baki da mayafi.

"Hajiya, ba sannu da zuwa?" in ji Baba.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Kawu Habu, Allah ya saka da alheri.