Ƙwayar Azurfa a Bakin Bindigar Baba Gado

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina gyaran bindigogin farauta a Malanville, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata safiyar Alhamis da na tsaya a ƙofar maƙerar nan riƙe da ƙusa. Ku da kuka gaji wurin kun sha tambayata dalilin tagar da na fasa a bangon gabas, alhali hayaƙi ta sama yake fita. To, ku aje guduma ku ji.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan ƙasa ta koma mulkin zaɓe, da kaka, shinkafa ta fara nuna. Wata dorina ta addabi mutanen Madekali. Ta tattake gonakin bakin kogi, ta kuma fara bin jiragen masunta. Dorina ba naman da ake harbi yadda aka ga dama ba ce. Sai maigari ya kai kuka wurin shugaban gunduma, shi ya kai meri, wato ofishin magajin gari, meri ta rubuta wa ma'aikatar gandun daji, sannan takardar izini ta sauko daga sama. Takardar kan ambaci dabba ɗaya, da maharbi ɗaya, da jami'in da zai tsaya a kansa. A wannan karon jami'in wani ajidan ne, mutumin kudu, mai son komai a rubuce. Ajidan muƙami ne sama da saja. Maharbin kuwa Baba Gado ne.

Baba Gado ya haura saba'in a lokacin. Tsamurarren tsoho ne, marar yawan magana, kuma daga Gene har Tumbutu ta nan yankinmu babu wanda aka yarda da hannunsa kamarsa. Yana da tsohuwar bindiga ƙirar karabin mai lasisi wadda ya fi kula da ita fiye da rigar jikinsa. Ranar Asabar ya shigo mini da ita naɗe a buhu. Na duba takardarta, na tabbatar babu harsashi a ciki, kamar yadda doka ta ɗora mana. Sai ya nuna mini bakinta.

Ga waɗanda ba su san bindiga ba, saiti biyu gare ta. Akwai 'yar tsaga a baya, kusa da ido, akwai kuma ɗan tsini a baki. Maharbi yana daidaita tsinin a tsakiyar tsagar, ya ɗora shi a kan abin da zai harba. Tsinin Baba Gado ya yi baƙi ƙirin don tsufa.

"Illo, tsinin ga ya ɓace mani," in ji shi. "In na aza shi bisa baƙin nama, ba ni ganin shi. Yi mai abin da za ya hito."

Na tsokane shi cewa wataƙila ba tsinin ne ya tsufa ba, mai shi ne. Bai yi dariya ba, ya dai kalle ni. Ni kuma a lokacin kaina ya kumbura. Ni kaɗai gandun daji da jandarma suka amince in taɓa bindiga a duk yankin, kuma ina so a ga aikina a yi magana. Da na sa ɗigon farin fenti, da an wuce wurin. Amma na ce fenti aikin rago ne. Na ɗauko guntun azurfa da ya rage daga wani ɗan kunne, na narka, na fitar da ƙwaya biyu kamar ƙwayar dawa. Ɗaya na liƙa a kan tsinin, ɗayar na gwada hannuna da ita a kan ƙusa na jefa a gwangwani. Ta bindigar na yi ta goge ta da toka da tsumma har ta zama kamar madubi.

Na ɗaga bindigar na auna wancan bangon da hayaƙi ya baƙanta. Ƙwayar ta fito tar. Baba Gado ma ya auna, ya gyaɗa kai. Da la'asar ya gwada harsashi ɗaya a gaban ajidan, a inuwar wata tsamiya, ya fasa ƙwarya daga taku hamsin. Na koma gida ina jin babu kamata.

Ranar Talata da hantsi suka sami dorinar. Ni ban je ba, labari ya iske ni kafin azahar. Baba Gado ya tsaya a gaɓar kogi yana fuskantar arewa, dabbar ta ɗago kai ba nisa, ya harba. Dorina wuri guda ake nema a kanta, tsakanin ido da kunne, bai fi tafin hannu ba. Harsashin ya kauce hagu ya same ta a wuya. Ta nutse, ta sake ɓullowa, ya sake harbi, ya sake kaucewa hagu. Ta tafi da rauni, kuma dorina mai rauni ta fi mai lafiya haɗari sau nawa. Washegari ta kifar da jirgin wani masunci mai suna Hamani, ta farfasa masa ƙafa. Da ƙyar aka ciro shi aka kai asibiti.

Gari ya ɗauka. A kasuwa, a tashar zemijan masu babur ɗin haya, a majalisar shayi, maganar ɗaya ce: idon tsoho ya ƙare. Ajidan ya kira shi ya tambaye shi ko bindigar ce ta ba shi matsala, ya ce a'a, shi ne ya harba. Sai ajidan ya ce ranar Juma'a da safe ya kawo karabin da lasisinta buro, wato ofishinsa, za a karɓe, a nemo wani maharbi daga kudu. Ga mutum irin Baba Gado, karɓe bindiga a gaban jama'a daidai yake da binne shi da ransa.

Ni me ya shafe ni? Haka na yi ta faɗa wa kaina. An gwada a gaban hukuma, ta fasa ƙwarya. Amma na kasa zama. Ranar Laraba na ƙona fartanya biyu a wuta saboda hankalina ba ya wurin. In zauna, in tashi, in leƙa waje, in dawo. Matata ta aiko da tuwo, ya huce ban taɓa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hagu sau biyu. Na san masu raunin ido, harbinsu warwatse yake, yau sama gobe ƙasa. Wanda ya kauce gefe ɗaya sau biyu, taki ɗaya, hannunsa lafiya lau yake.

Ranar Alhamis da safe ina neman wani abu a gwangwani, sai ga ƙusar nan mai ƙwayar azurfa. Na goge ta a rigata ba tare da wani nufi ba, na fita ƙofa da ita. Rana ta ɗan taso ta damata. Na miƙa hannu, na rufe ido ɗaya. Ƙwayar ba ta fito gaba ɗayanta ba. Gefen da rana ta buga ne kawai ya ɗauki haske, yana ƙyalli har yana sukar ido, sauran jikin ya ɓace. Duk wanda ya daidaita wannan ƙyallin a tsakiyar tsaga, ya riga ya karkatar da bakin bindigarsa hagu bai sani ba. Na juya, ƙyallin ya koma ɗaya gefen. Na shiga cikin maƙera, ƙwayar ta dawo cikakkiya, kyakkyawa, kamar ba ita ba.

Nan na gane. Ni na auna a duhu, Baba Gado ya gwada a inuwa, dorina kuwa a rana take.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya fara zuwa mini shi ne in jefa ƙusar nan a rijiya. Babu wanda ya sani. Tsohon da kansa ya ce shi ne. Idan na yi magana, yardar da hukuma ta ba ni na iya tafiya, kuma dangin Hamani za su san ƙofar da za su kalla. Na kai bakin rijiyar masallaci na tsaya. Na dawo. Na sake komawa. Daga ƙarshe na tare zemijan na ce ya kai ni gidan Baba Gado.

Na same shi a zaure, karabin a cinyarsa, yana shafa mata mai kamar mai shirya gawa. Na gaishe shi, na durƙusa, na nuna masa ƙusar, na yi ta bayani. Ya bar ni har na ƙare.

"Na gani tun harbin hwarko," ya ce. "Ta haska mani ido awa madubi."

"Baba, kun sani, kunka yi kurum? Ajidan ya tambaye ku!"

"In ce mi? Dut maharbin da yak kuskure, bindiga shika zagi. Mu ba a koya muna haka ba. Wanda yaj ja kunama, shi ad da harbi. Maganag ga ba tau ta ba, Illo. In da mai hwaɗinta, kai na."

Ya ci gaba da shafa mai. Bai roƙe ni ba, bai kuma zarge ni ba, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ya mare ni.

Juma'a da safe na riga shi isa buro. Ajidan ya saurare ni yana juya biro a hannu. Ya ce ya gane, tausayin tsoho nake ji, amma shi ba ya rubuta tausayi a rahoto. Ya ce harsasan da suka rage na dabba ne, ba na wasa ba. Na ce ya ba ni biyu kacal, kuma na farko shi da kansa zai harba, tunda shi babu mai cewa idonsa ya ƙare. Idan ya sami abin da ya auna, ya karɓe bindigar tsoho, ya haɗa da takardar izinina. Sai ya ɗauki hularsa.

Baba Gado ya iso ya miƙa karabin da lasisinta, muka fita bayan gari, wani fili mai tudu a bayansa. Na kafa katako na zana da'ira da gawayi, na tsayar da ajidan yana fuskantar arewa, rana a damarsa, daidai yadda aka tsaya a bakin kogi. Mutane sun biyo mu, har da wan Hamani. Ajidan ya auna a natse, ya harba. Muka taka muka duba. Ramin yana hagu da da'irar, taki guda. Ya cire tabarau ya goge.

Na karɓi bindigar, na ciro magagari daga aljihu. Ƙwayar da na yi alfahari da ita, na goge fuskarta da ke kallon maharbi har ta zama shafaffiya. Na karce ta da yashi don ƙyallin ya mutu, ta koma fari dishi-dishi kamar alli. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Na miƙa wa Baba Gado da hannu biyu. Ya ɗora a kafaɗa, ban ma ga lokacin da ya auna ba. Harsashin ya shiga cikin gawayin.

Ajidan ya mayar masa da lasisinsa a wurin. Ni kuma ya ce zai rubuta abin da ya gani yadda ya gani, kuma ya rubuta. Aka dakatar da ni daga taɓa bindiga har damina ta zagayo, na koma ƙera lauje da fartanya. Ranar Asabar da hantsi Baba Gado ya kashe dorinar da harbi ɗaya.

Satin da ya biyo na je asibiti na faɗa wa Hamani da bakina. Ya juya fuskarsa bango. Sai bayan shekara biyu ya fara amsa gaisuwata.

Abin da na koya game da sana'ar nan shi ne, aiki ba a maƙera yake ƙarewa ba. Tun daga nan ban sake karɓar saiti ba sai na tambayi mai shi wane nama, wane lokaci, ina rana take tsayawa. Na fasa tagar nan don kada in sake yarda da abin da baƙin bango ya nuna mini. Game da mutanenta kuwa, na koyi cewa maharbin kirki ba zai dawo ya ce maka aikinka ne ya cuce shi ba, ko da zai rasa komai. Shirunsa ba shaidar aikinka ya yi kyau ba ne. Kai ne za ka bi shi ka tambaya.

Baba Gado ya daɗe da rasuwa. Hamani yana nan, shi ne dattijon nan mai sanda da yake kawo ƙugiyoyi gyara ranar kasuwa. Kun sha yi mini tsiya cewa duk garin nan shi kaɗai nake tashi in ba kujerata. Idan ya zo bayan ba na nan, ku ma ku tashi.