Garinmu yana ƙarƙashin hatimi

Jiya Gwaggo Halima, ƙanwar babana, ta zazzage min takardun kakanmu a ɗakinta a unguwar Mahjar, nan Jidda, ta ce, "Yalla, ga tarihin da ka dame mu da shi."

Garinmu nake nema. 'Yata ta tambaye ni daga ina muka zo Jidda, na ce Najeriya, kamar Najeriyar wani lungu ne a unguwar Sharafiyya.

Na buɗe takardar da aka ba kakan namu da ya sauka daga jirgin ruwa. Suna Muhammad, uba Abdullahi. Madalla, ai su kaɗai ne a ƙasar Hausa. Ranar haihuwa, ɗaya ga Rajab, shi da matarsa da ƙaninsa duk rana guda. Gari kuwa, Afirka. Allah ya saka wa ma'aikacin da ya cika takardar nan, ya sha aiki.

Na ce, "Gwaggo, ba sunan gari a nan."

Ta ce, "Wa ya ce maka a takarda ake rubuta gari? Wanzami ya rubuta a kumatunsa. Duba hoton, duk Bahaushen da ya ga zanen nan ya san mutumin ina ne."

Na duba. Ga hula, ga kunnuwa biyu lafiya lau. Amma duk faɗin takardar nan, hatimi bai sami wurin sauka ba sai kan kumatun.

Gwaggo kaɗai ta rage a waɗanda suka san fuskarsa. Ta ja layi uku a kumatunta da yatsa, ta ce, "Ko huɗu ne?"

Jama'a, wanda ya san garin masu zane uku ko huɗu ya faɗa min. 'Yata na jira.