Foldar da ke kusurwar hagu

Kwamfutar ta iso ƙauyenmu cikin kwali biyu, a saman motar Sinja, an ɗaure ta tare da buhunan albasa. Babban wanmu ne ya aiko da ita daga Jidda, inda ya shekara huɗu yana aikin walda bai leƙo gida ba. Tsohuwa ce, wani ofis ya gaji da ita, amma daga garinmu har Abu Hujar ban san gidan da ke da irinta ba. A ɗakina aka ajiye ta, domin ni ne na gama sakandare, ba ni da aikin fari balle na baƙi sai jiran sakamako.

Abu ɗaya wan namu ya bari a fuskarta: 'yar folda ruwan ɗorawa a kusurwar hagu ta ƙasa. Hotunansa ne a ciki, da ɗan bidiyo inda yake gaishe da mutanen gida. Ranar farko kowa ya taru ya kalla, ban da Inna, wadda ta ce tana da kisra, wainarmu ta dawa, a wuta. Ba wanda ya yi mamaki. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta nuna tana kewarsa. Da wannan kunya kakanninmu suka taho nan gabas, cikin Larabawa, daga ƙasar Sakkwato. Larabci ya cinye mana rabin baki, amma kunyar nan bai taɓa ta ba. In ta kama dole, Inna takan ce “wancan na Jidda”.

Ni kuwa abin da ya dame ni daban. Fuskar kwamfutar ba ta yi mini ba: shuɗi fayau, alamomi a warwatse kamar awaki a fili. A kasuwar Sinja na samo wani faifai mai sauya wa kwamfuta kamanni, na dawo na duƙufa. Na tuɓe mata shuɗin, na sa mata baƙar riga mai ƙyalli. Na kafa wata 'yar kanta a gindin allo, na jera wasannina a kai, ƙwallo da tseren mota da na harbi, kowane da alamarsa. In ka kai kibiya sai alamar ta kumbura ta yi tsalle. Daga baya na gano yadda kantar za ta ɓuya sai an neme ta, na ji kamar ni na ƙera injin. Sauran tarkacen duka, har da foldar wanmu, na kwashe na cusa su can ciki, folda cikin folda. Allo ya zama wayam, ni kaɗai na san hanyar komai, kuma wannan ne ya fi yi mini daɗi.

Kullum bayan azahar nakan tafi bakin kogi wurin abokai, in bar ta a kunne, domin tashinta ya fi dafa shayi daɗewa. A kwanakin nan Inna ta fara kawo mini shayi har ɗaki da kanta. Takan ajiye, ta ɗan tsaya tana duban allon.

“Jihaz ɗin nan naka lahiya yake?” ta tambaye ni wata rana. Jihaz muke ce wa kowace na'ura.

“Lafiya lau, Inna. Kin ga yadda ya yi kyau?”

“Ya yi baƙi dai,” ta ce, ta fita.

Ni a wautata na ɗauka yabo ne irin na manya. Mako biyu aka yi a haka.

Yayata, wadda ke aure a unguwar gabas, ita ta fasa mini ƙwan. Ta same ni ina tseren mota, ta zare mini maus daga hannu.

“Ina ka kai suwar ɗin Yaya?” Hotunan take nufi.

“Suna ciki. Me ya faru?”

“Mi ya hwaru? Ni na koya wa Inna. Kwana ukku muka yi tana riƙon abin ga kamar zai cije ta. Ba ta karatun komi a kai, wuri ta riƙe: hagu, ƙasa, danna biyu. In ka tahi kogi nan take zama. Yanzu ta zo ta tarar da bango.”

“To me ya hana ta tambaye ni?”

Kunya ta rufe ni, domin na san amsar tun kafin in rufe baki. Me za ta ce? Nemo mini ɗana in gani?

Na ƙudura in gyara, kuma gyara na a zo a gani. Na zaɓi hoton wanmu mafi kyau, yana sanye da farar jallabiya a bakin teku, na shimfiɗa shi ya cika allon gaba ɗaya. A lissafina Inna ta huta da danne-danne, ko daga ƙofa ta leƙo za ta gan shi. Washegari abokaina biyu suna ɗakin sai ga ta da shayi. Ta ɗaga labule, ta yi ido huɗu da fuskar ɗanta, ga baƙi suna kallonta. Ta sunkuyar da kai, ta dire tiren a bakin ƙofa, ta juya. Daga ranar ko tsintsiya ba ta sake kawowa ɗakin ba.

“Kai dai kanka na ado ne,” in ji yayata da ta ji labari. “Da, in an gan ta ciki, shara ta shiga yi. Yanzu kowa ya san abin da ya kai ta. Maida komi yadda ka same shi, halas, shi ke nan.”

Na daɗe ina tunanin wannan. Na ɗauka allon nawa ne ni kaɗai, kamar aljihun rigata. Ashe ya fi kama da tsakar gida: akwai mai bin hanyarsa a cikinsa ba tare da ya faɗa maka ba, in ka matsar da tulu ka tare masa hanya. Ni ina gyara don a gani a yaba, ita kuwa abin da take bukata shi ne wurin da ba wanda zai lura da shi.

Na cire baƙar rigar, na rushe kantar, na mayar da shuɗin nan da na raina. Wasannina suka koma warwatse. Na jawo 'yar foldar na ajiye ta a hagu, ƙasa, sai da yayata ta matsar da ita kaɗan ta ce nan ne daidai. Abokaina suka yi ta yi mini tsiya, wai na mayar da amarya tsohuwa. Ban ba su dalili ba, domin sirrin ba nawa ba ne. Inna ma ban ce mata komai ba. Na dai riƙa ɗaga murya a tsakar gida in zan fita, ina cewa na tafi kogi, sai la'asar.

Bayan kamar kwana goma, na kai rabin hanya na tuna na bar takalman ƙwallona, na dawo. Gidan shiru, rana ta kori kowa inuwa. Ina isa bakin labule na ji muryar wanmu a bidiyon nan, yana cewa a gaida Inna da kyau. Bidiyon ya ƙare. Sai na ji ta amsa masa a hankali, ta kira shi da sunansa na yanka, ta ce, “Ina amsawa. Ka rame.”

Shekarata goma sha tara a lokacin, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na ja da baya a kan yatsun ƙafa, na fice. Ranar ba takalmi na buga ƙwallo.