Tasalla Ta Ce a Yi

Tasalla yayar mijina ce, kuma ba zan ɓoye ba, kishinta nake yi. Ƙosai take toyawa a bakin tashar Gwiwa tun ina amarya. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin 'yan unguwar a bayanta suka yi barci. Ni kuwa ma'aikaciyar lafiya ce, allurar rigakafi nake yi wa yara.

Da na yaye 'yata ta fari, aka ba Tasalla riƙonta. Mu Fulani ne, ɗan fari ba naka ba ne. Ba na kiran sunan yarinyar, ba na zama da ita mu yi hira. Ta tashi tana ce wa Tasalla Inna, ni kuma Anti. Da ta yi aure ta haihu, gidan Tasalla ta tafi wankan jego.

Lokacin allurar sati shida ta jaririn na matsowa sai ga wani saƙon murya yana yawo a wayoyi, wai akwai zaiba a cikin allurar yara. Mutanenmu sun san zaiba, samarin da suka je haƙar zinare a Nijar sun ba da labarin yadda take lalata jiki. Yarinyar tawa ta ji, ta ce ba mai taɓa mata ɗa.

Kullum ina tsaye gaban mata ina bayani har muryata ta dushe. Ɗan abin da ake sawa a wasu kwalabe don kada ƙwayar cuta ta shiga ne, ba irin zaibar masu zinare ba ce, kuma jiki yana fitar da shi. Matan wasu suna ji, su miƙo 'ya'yansu. Tawa 'yar kuwa kunya ta hana ni zaunar da ita. Ga tarin shiƙa yana kwantar da jarirai a ƙauyukan Roni, ga jikana ba kariya.

Dole na tafi tasha, na tsuguna gefen kaskon ƙosai kamar mai roƙo.

"Yaya, ki yi mata magana."

Tasalla ba ta daina juya ƙosanta ba. Ta sa na maimaita bayanin har sau biyu, ta tambayi ko yaro zai yi zazzaɓi, na ce yana iya yi, kuma ya wuce.

"Hafsatu, da hannunki za ki yi masa?"

"Da hannuna, Yaya."

"To, je ki."

Ban san abin da ta gaya mata ba. Na tabbata bai kai rabin abin da na sani ba, wannan ne ma yake ƙona min rai. Ranar allura sai ga su, Tasalla da yaron a goye, uwarsa a bayanta tana riƙe da mayafinta. Na yi masa a cinya, ya tsala kuka. Na miƙa hannu zan rarrashe shi, uwar ta riga ni, ta ɗauke shi ta ɗora wa Tasalla a kafaɗa.

Wata mata a layi ta tambayi uwar ko ba ta ji maganar zaiba ba.

"Na ji," in ji 'yata, ko kallona ba ta yi ba. "Inna ta ce a yi. Ita ba za ta cuce ni ba."

Na jefa sirinjin a kwali, na kira ta gaba.