Ranar da na je cinikin maki a jami'a

"To malam, maki nawa za ka bari?"

Haka na tambayi jami'in ɗaukar ɗalibai a Sakkwato, bayan ya ce makin ɗiyata Hadiza bai kai na karatun haɗa magunguna ba. Kaɗan ya rage.

Ni da na fara da turin baro a bakin iyaka har na mallaki shaguna a Illela, ban taɓa sayen kaya ban taya ba. Na ce ya sauko kaɗan, mu ma mu hau kaɗan. Ya yi murmushi, ya ce ba a ragi.

Sai na yi dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya a kasuwa ba. Na miƙe, na gyara babbar riga, na ce, "Hadiza, tashi mu tai." Na nufi ƙofa a hankali ina kasa kunne.

Har muka isa wurin mota ba wanda ya kira ni.

"Baba, mi kake ta waige?"

"Jira nike shi kira mu."

"Baba, ka ko ga layin da ke bayanmu? Wa zai kira ka?"

Ta bar ni tsaye, ta koma ita kaɗai ta sake bin layi. Aka nuna mata fannin da makinta ya kai, ta ce tana so, ta zaɓa. Da ta biye mini, bana a gida za ta zauna.

Yanzu in za mu jami'a, aikina tuƙi kawai.

Ku iyaye, akwai wanda ya taɓa tayawa a can aka sallama masa?